Kyamarar da Ban Taɓa Dannawa Ba

"Wallahi ko da zinare aka ƙera ta, yatsana ba zai taɓa ta ba."

Abin da na ce ke nan ranar da kwalin ya shigo gidanmu a Dutsen Alhaji, kuma da ƙarfi na faɗa don Gwaggo Rakiya ta ji da kyau. Gwaggo ƙanwar Babana ce, ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mahaifiyata shekara huɗu da suka wuce. Mace ce da in ta ga sabon kwali, ko na ashana ne, sai jikinta ya hau rawa.

Kafin in dawo daga firamaren da nake koyarwa har ta yage ledar, ta ciro kyamarar ta ɗora a cinya tana shafawa.

"Ke Rumasa'u, ki iya bakinki," ta ce. "Yaro ɗan manyan mutane ya aiko miki da toshi irin wannan, ki tsaya kina rantse-rantse?"

"Gwaggo, wa ya ce ki buɗe?"

"Au, a gidan ɗan'uwana sai na cika takardar neman izini?"

Yaron da take magana shi ne Umar Farouk, ɗan Alhaji Abdulƙadir na Maitama, mutumin da Babana yake ja wa mota shekara ashirin da biyu. Sau uku Umar Farouk yana cewa yana sona, sau uku ina ba shi haƙuri, ina gaya masa akwai wani a gabansa. Da ya ga baki bai yi aiki ba sai ya binciko inda zuciyata take da rauni. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, bai aiko wata tsohuwa da kayan ba kamar yadda ake yi, Babana ya ba wa ya shigo da kwalin a hammatarsa.

A danginmu ƙa'idar toshi a fili take. Budurwa in ta yi amfani da shi, ta amsa ke nan. In ba ta so, a mayar da shi yadda ya zo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ga sunan kyamarar a jikin kwalin sai da na kasa ɗauke idona. Ita ce kyamarar da na shekara biyu ina kallon hotonta a waya ina haɗiyar yawu. Ni ba mai hoton kuɗi ba ce, sha'awa ce kawai ta kama ni tun ina kwalejin Zuba, na sayi wata tsohuwa ta hannu nake fama da ita. A rana tana yin abin kirki. Amma da an shiga ɗaki sai fuskokin mutane su fito tsaki-tsaki, amarya ta koma kamar an barbaɗa mata gero.

"Baba, ka mayar masa gobe," na ce.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Uwata, ba a mayar wa ɗan ubangida kaya washegari, cin fuska ne. A bar shi sati biyu. Ki yi tunani."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Tunanin da zan yi na gama shi tun bara, Baba. Musbahu nake so."

"Mai yankan gilashin bakin titi?" Gwaggo ta tafa hannu. "Ɗan ci-ranin da ba mu san gidan ubansa ba?"

Baba ya mayar da hularsa kai. Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Gwaggo ta mayar da kyamarar cikin kwali ta ɗora a saman kabad ɗin falo, daidai inda duk wanda ya yi sallama zai fara gani.

* * *

Ranar Asabar da safe na ɗauki tsohuwar kyamarata da ɗan abin da na tara daga albashina, na hau motar Wuse. Na yi wa kaina alkawari, tun da kyamara ce aka ɗana mini tarko da ita, to zan gyara hotona da gumina kowa ya gani.

Musbahu na jirana a bakin kasuwa, ya zo sarin gilashi. Shekara shida ke nan da ya baro ƙauyensu na wajen Ƙafur ya kafa rumfar haɗa firam a titin Bwari. A can muka haɗu, ranar da na kai hoton mahaifiyata a sa mini a gilashi, ya karɓa da hannu biyu kamar ya san ta.

Muka hau bene shagon Dominic, wani mutumin Kafanchan mai gyara da sayar da kyamarori na hannu. Na gaya masa abin da ke damuna da iyakar ƙarfina. Ya saurara, ya jera mini abubuwa uku a kan tebur.

Na farko bodin kyamara ce, wato gangar jikinta, ta fi tawa sabunta, tana ƙyalli. Hannuna ya tafi kanta da kansa.

"Hajiya, tsaya tukuna," Dominic ya ce. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya juyo mini da fuskar. "Kin gani? Dubu casa'in da huɗu. Kowane kyamara yana ƙirga sau nawa aka danna shi, kamar mileji na mota. Ko ka goge hoto, lissafi yana nan a ciki. Wannan jiki ne kawai yake kyau, ya kusa ritaya."

Na biyu wata 'yar ƙarama ce ta sakawa a jaka. Ya ce wayata ma ta kusa kamo ta, kada in ɓata kuɗina.

Na uku kuwa da na gan shi sai da na harare shi. Wani ɗan guntun idon kyamara ne, wanda suke kira lens, bai fi gwangwanin tumatir ba, har fentin gefensa ya koɗe.

"Oga Dominic, raini ne wannan ko me?"

Ya yi dariya. "Wannan ido, fifti ake kiran shi. Bodi naki babu laifi, Hajiya, ido ne ba ya shan haske. Wannan yana buɗewa sosai. Wahala ɗaya, ba ya jawo abu kusa. In kina so kusa, ki taka da ƙafa naki."

Na kalli Musbahu. Shi ba ya saurin magana, sai ya juya abu a ransa kamar mai auna gilashi kafin ya sa masa abin yanka.

"Ni ban san kyamara ba," ya ce, "amma hotuna dubu nawa suka bi ta hannuna. Wanda ake dawowa a ƙara masa girma ba na mai babbar kyamara ba ne, wanda idon mutum ya fito a ciki ne. Gwada ki gani."

Dominic ya kwance tsohon idon ya ɗaura wannan. Shagon duhu-duhu ne, ƙwan fitila ɗaya. Na saita Musbahu na danna.

Na daɗe ina kallon abin da ya fito. Fuskarsa tar, har ɗan tabon gilashin da ke haɓarsa, tarkacen shagon da ke bayansa kuwa duk ya narke ya zama laushi. Ban san lokacin da na ce "La ilaha illallahu" ba.

Kuɗin hannuna ya isa, har da ragowar na mota. Amma Musbahu ya matso ya rage murya.

"In waccan mai ƙyallin ce ranki yake so, a nemo wata irinta mai lafiya, in cika miki."

"Abin da na gudo a gida shi zan tarar a kasuwa? Mayar da hannunka aljihu, Malam. Wannan da kuɗina zan saya."

Bai ji haushi ba, murmushi ma ya yi. Tare muka dawo unguwa, ya raka ni har ƙofar gida da la'asar. Zan shiga ke nan ya ciro wani ɗan farin ƙyalle mai laushi, irin wanda yake goge gilashi da shi, ya miƙo mini da hannu biyu, fuska a murtuke kamar mai kawo lefe.

"To ga nawa toshin. Iyakar arzikin ke nan."

Na karɓa, a gabansa na hura wa idon kyamarata iska na goge shi tas.

"Na yi amfani da shi," na ce. "Ka san ƙa'ida."

Dariya ta kama mu har da hawaye. Na lura labulen tagar falonmu ya motsa, na ce a raina Gwaggo ce da leƙenta, Allah ya ƙara mata ido.

* * *

Sati na zagayowa aka yi bikin Mabel, 'yar maƙwabtanmu da muka taso tare. Akwai mai hoton da suka ɗauka, ni dai ƙawar amarya ce mai rataye da tsohuwar kyamara. Amma ni na shiga ɗakin da ake shirya ta, ɗan ƙuƙumin ɗaki mai taga ɗaya. Na yi ta takawa da ƙafata, in matsa, in ja baya, in durƙusa. Na kama lokacin da mamanta take ɗaura mata sarƙa. Na kama hawayen da ya tsaya a gashin idon Mabel bai faɗo ba.

Da na ɗora hotunan a shafina, wayata ta kusa ƙonewa. Wannan ya ce wace kyamara ce, wancan ya ce lallai an shigo gari. Ni kuwa ina ta fankama, ban amsa wa kowa ba, ina jin daɗin a yi ta cankar abin da ba za a canka ba. Ashe ramin kaina nake haƙawa.

Ranar Talata Baba ya dawo daga aiki kafin magariba. Ya yi wa Gwaggo magana a tsakar gida, sai kawai na ji guɗa ta tsaga gidan.

"Ayyiriri! Ashe kunya ce! Ashe ta ciki na ciki!"

Na fito da gudu. "Me ya faru?"

Baba na murmushi, irin na wanda aka sauke wa kaya. "Uwata, da kin gaya mini ai da ban sha kunya ba. Yau a mota Alhaji ya miƙo mini waya ta kan kafaɗa, ya ce Zakari kalli aikin kyamararmu. Umar Farouk ne ya tura masa hotunan bikin nan. Ya ce ashe mun zama surukai."

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce alhamdulillahi. Asabar Umar Farouk zai zo a tsayar da ranar da manya za su kawo gaisuwa."

Na durƙusa a kan siminti.

"Baba, ban taɓa kyamararsa ba."

"Kai jama'a!" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Waccan akwalar taki ce ta yi wannan hoto? Wadda ta mayar da ni kamar aljana ranar sallah? Yarinya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Ido na canza mata! Ɗan ƙaramin ido na hannu na saya a Wuse!"

"Rumasa'u." Da na ji sunana a bakin Baba na san murmushin ya ƙare. "Ni ba yaro ba ne. Abin da kuɗinsa zai sayi mota guda, ki ce gwangwani ya yi aikinsa?"

Kuka ya ƙwace mini. "Baba, tun da nake na taɓa yi maka ƙarya? Ranar da na fasa gilashin motar Alhaji ina 'yar shekara tara, wa ya zo ya faɗa maka da bakinsa? Yau don hoto ya yi kyau shi ke nan na zama maƙaryaciya? Laifina na iya abin da nake yi?"

"Na riga na ba mutumin nan baki."

"Ka ba shi baki a kan abin da bai faru ba."

"Shekara ashirin da biyu ina cin abinci a hannunsa. Da motarsa aka kai uwarki asibiti. Kina so in koma in ce masa 'yata ta ɗana kayan ɗansa ta tofar?"

"Ina so ka ce masa 'yarka ba ta ɗana ba. Baba, shekarata ashirin da shida. Ban taɓa tsallake maganarka ba, kuma ba zan bi Musbahu ta bayan gida ba, ko zan tsufa a ɗakin nan. Amma wallahi ba zan zauna da mutumin da ya mayar da mahaifina ɗan aiken toshi ba."

Wannan ta shige shi. Na ga leɓensa ya motsa.

Na share hawayena da gefen mayafi. "Akwai shaida. Kyamara tana ƙirga duk dannawar da aka yi mata, ko an goge hoton. Zan kira mai gyara ranar Asabar ya duba a gaban kowa."

Baba ya ɗago da sauri. "Tana ƙirgawa?"

"Ko sau ɗaya ne."

Ya yi wani ɗan tari, ya kalli ƙasa, ya ce lokacin salla ya yi. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Washegari na biya rumfar Musbahu na zayyane masa komai. Ya ajiye abin yankan gilashin.

"Rumasa'u, in aikin Baba zai salwanta saboda ni, gara in haƙura."

"Ka haƙura?" Na ji wuta ta taso mini. "Ni ina can ina yaƙi da gida guda, kai kana nan kana auna mini haƙuri da tef? In tsoro kake ji ka faɗa, in mayar maka da tsummanka."

Idanunsa suka kaɗa. "Ba tsoro ba ne. Na san zafin a ce uba ya rasa abin kai wa gida, shi ya fito da ni daga garinmu."

"To ka bar mini Babana, na fi ka sanin sa. Kai dai kada ka motsa daga inda na bar ka."

"Ina nan," ya ce. "Ko rumfar za a tashe, za ki tarar da ni a wurin."

* * *

Asabar da hantsi Umar Farouk ya faka motarsa ta toshe rabin layinmu. Ya shigo cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi sallama. Ba mummuna ba ne, kuma ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne kawai da tun yana yaro bai taɓa nuna abu a shago an ce masa babu ba.

Dominic ya riga shi zuwa, yana zaune a gefen kujera da kwamfutarsa a cinya, sai zufa yake kamar shi za a yi wa aure.

Da Umar Farouk ya ji abin da ake ciki sai ya yi dariya.

"Seriously, Rumasa'u? Har da kiran injiniya? Na ga hotunan nan fa. I know what I paid for."

"Ka san abin da ka biya, ba ka san abin da na iya ba."

"Fine." Ya gyara zama. "A duba. In sifili ne, in ɗauki kayana, ba za ki sake ganina ba. Amma in an danna ta ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare, yau za a sa rana. Baba Zakari, kai ne shaida."

"Na yarda," na ce, kafin Baba ya buɗe baki.

Gwaggo ta sauko da kwalin. Dominic ya ciro kyamarar ya jona waya. Baba na zaune a kan dardumarsa, koren carbinsa na nannaɗe a wuyan hannunsa kamar kullum, amma yau ba ya ja.

Dominic ya kalli kwamfutar, ya kalle ni, ya sake kallon kwamfutar.

"Hajiya... ɗaya ne."

"Me?"

"An danna shi sau ɗaya."

Umar Farouk ya tafa hannu. Gwaggo ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, na daka mata wani kallo da ya mayar da guɗar cikinta.

"Hotunan bikin Mabel sun fi ɗari uku," na ce. "Ɗaya ce za ta haife su?"

"Ba ruwana da ɗari uku. Ko sau ɗaya, haka muka yi, kuma kin ce kin yarda."

"To in dannawa ɗaya ce take ɗaura aure, sai a nemo yatsan da ya danna a ɗaura da shi! Gwaggo, ke ce?"

"Ni? Alƙur'an ko inda ake kunna ta ban sani ba!"

"Akwai memori a ciki," Dominic ya ce a hankali. "Hoton yana nan."

Ya kunna ya miƙo mini. A karon farko na riƙe kyamarar nan a hannuna, na kalli ɗan gilashin bayanta.

Ni ce a ciki. Ni da Musbahu a ƙofar gida, farin ƙyalle a hannuna, kaina a sama ina dariya har dasashina a waje. Hoton a karkace yake, an ɗauke shi ta tagar falo, gefen labule ya ci kusan rabinsa. A ƙasan kusurwa kuwa, dishi-dishi, ga 'ya'yan koren carbi suna lilo a gaban idon kyamarar.

Na kife tafin hannuna a kai.

In na juya musu shi, na tsira. Wanda yake cikin hoto ba shi ya ɗauka ba, ko yaro ya san wannan. Amma sai Umar Farouk ya ga carbin. Sai ya koma Maitama ya ba da labarin tsohon direbansu da yake laɓewa bayan labule yana wasa da kayan toshin 'yarsa. A teburin cin abincinsu za a yi dariyar, Baba na waje yana wanke mota.

"Mu gani mana," Umar Farouk ya miƙo hannu.

"Ba za ka gani ba."

"To kin amsa ke nan."

"Ban danna ba, ban amsa ba, kuma ba zan nuna ba." Hawaye na zuba, ban share ba. "Ka je ka ce na karya alkawari. Ka ce 'yar direba ba ta da magana ɗaya. Na ɗauka."

"Rumasa'u, ki daina wannan drama ɗin..."

"Ni ne."

Duk muka juya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya kwance carbin daga hannunsa ya ajiye a kan darduma.

"Ni na danna. Uwata, ɗauke hannunki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Baba, don Allah..."

"Ɗauke na ce." Ya juya wajen Umar Farouk. "Ranar na hango ta da mai gilashin nan ta taga, raina ya ɓaci. Na ce bari in kafa mata hujja, in nuna mata yadda take zubar mana da mutunci a ƙofar gida. Na sauko da abin nan na yi ta lalube har ya yi ƙara. Da hoton ya fito sai na kasa kiran ta." Ya dube ni. "Tun ranar da muka dawo daga binne uwarta ban ga haƙoran yarinyar nan a waje haka ba. Shekara huɗu. Ina gida ɗaya da ita ban lura ba, sai da na leƙa ta cikin ramin nan."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Na mayar da shi na yi shiru. Da Alhaji ya nuna mini hotunan bikin, na ce to ta sauko da kanta, Allah ya hutar da ni zaɓi. Kwana huɗu ke nan na san ƙarya nake yi wa kaina. Ina zaune nan ina kallo, 'yata ta yarda a kira ta maƙaryaciya don ta rufa mini asiri."

Umar Farouk ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta canza.

"Baba Zakari, ka san abin da kake yi kuwa? Ka riga ka amsa wa Daddy."

"Na sani, Faruƙu. Ni na riƙa kai ka makaranta kana kuka kana riƙe mini riga, ban taɓa yi maka ƙarya ba, yau ma ba zan fara ba. Yarinyar nan ba ta son ka. Kwalin nan ni na shigo da shi a hammatata, ni zan mayar. Litinin zan kai wa Alhaji shi da makullin mota, in faɗa masa abin da na faɗa maka. In ya miƙo mini makullin, in ja mota. In ya riƙe, ƙafata lafiyarta ƙalau."

Umar Farouk ya kalle ni. Ya fita ko sallama babu. Muna ji ya tayar da mota da ƙarfi har kajin maƙwabta suka watse.

Na rarrafa na dafa gwiwar Baba ina kuka. "Aikinka, Baba. Shekara ashirin da biyu."

"Wanda ya ba ni shi yana nan, bai mutu ba." Ya ɗora hannu a kaina. Na san tsoron Litinin yana ransa. Bai janye ba.

Dominic ya fara naɗe wayarsa a hankali, yana neman hanyar sulalewa.

"Malam Dominic," Baba ya ce, "kafin ka goge musu abinsu, za ka iya cire mini hoton nan?"

"Sosai, Baba. Amma ya karkace fa, kuma labule ya shiga."

"Haka nake son sa. A wanke mini babba."

Ya ɗauki carbinsa ya mayar a hannu, ya kalli bangon da hoton mahaifiyata yake rataye, ya nuna fili a gefensa. Bai kalle ni ba da ya yi maganar.

"Uwata, ki gaya wa mai gilashin nan ya zo ya auna wurin. Ya shigo ta ƙofa, da sallama. Ba na son tsayuwar bakin titi."